Godiya ga ma'aikatan gandun daji na Daura

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na rubuto wannan takarda ne a madadin ƙungiyar matasan unguwarmu a nan Daura da iyayen yaran, domin mu gode wa ma'aikatan gandun daji masu kula da lambun renon itatuwa, mu kuma gode musu a bainar jama'a. Godiyar da muka yi da baki ba ta ishe mu ba.

Kafin mu iso gare ku mun sha wuya. Buƙatarmu ba ta da yawa: wanda zai koya wa yaranmu renon itace tun daga iri, da ɗan abin da za mu soma da shi. Mun kai takardu ofisoshi da ƙungiyoyi masu ikirarin kula da muhalli. Wani wurin a ce mai gida ya tafi taro Katsina, a dawo wani mako. Wani wurin tambayar farko ita ce wa ya aiko mu. Wata ƙungiya kuwa ta ce in kawo yaran ranar bikin dashe. Aka raba musu riguna, aka jera su aka ɗauki hoto, aka dasa da rana tsaka a ramukan da ba su da zurfi, kowa ya watse. Babu shinge, babu wanda aka ɗora wa ban ruwa. Awaki suka cinye na ci, sauran suka bushe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaran sun tashi da tunanin cewa haka ake dasa itace.

Da wannan sanyin jiki na zo wurinku, ina jiran a sake sallamata. Sai ga wani dattijon malamin daji ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa, ya saurare ni har na gama. Bai tambayi wanda na sani ba. Abin da ya tambaya shi ne inda za mu samu ruwa a bazara, da wanda zai tsare dashen daga dabbobi. Ya ce in ba mu da amsar waɗannan biyun, gara mu dasa goma su rayu da mu dasa ɗari su mutu. Wallahi nan take na san mun zo inda ya dace.

Wannan bawan Allah, da yaran suke kira Baba, shi ne dalilin wannan takarda. Ya koya musu haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, ya sa suka tsinto ledojin ruwan sha da ke yashe a lungu suka huda ƙasansu suka mai da su tukwanen reno. Ya nuna musu cewa kowane iri da halinsa. Na darbejiya ba ya jure ajiya, sai a shuka shi da ɗanyensa. Na kuka da na bagaruwa masu taurin ɓawo ne, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare su kafin su tsiro. Da ya zo kan gawo ya daɗe yana bayani: itacen da ke zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke son rana, ya kuma yi kore da rani, lokacin da dabbobi ke neman abinci da inuwa. Ya ce su je su duba hatsin da ke gindin gawo a gonakin iyayensu su gwada shi da na nesa. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta tambaye shi dalilin da ya sa kakarta ke cewa ɗorawa ta yi ƙaranci. Bai yi mata dariya ba. Ya zauna ya yi mata bayanin yadda ake kwashe 'ya'yan kaf don kalwa da daddawa, ake sare manyan, dabbobi kuma su cinye ƙananan da suka tsiro.

Ya kuma kai su gona ya nuna musu abin da manoman Nijar suke yi a Magarya da Matamaye, nan kusa da mu, da kuma Maraɗi tun shekarun 1980: ba sai an sayo dashe ba. Kututturen kalgo ko sabara da ake sassabewa duk shekara yana da saiwa mai rai, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Yaranmu suna jin labarin babbar katangar itatuwa, wato shirin dashen itatuwa don tare kwararowar hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, sun san Katsina tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa a Najeriya, amma sai ranar suka gane cewa su ma suna da abin yi a ciki.

An ba mu iri da ƙananan itatuwa, an rubuta a littafi, ba a nemi ko sisi ba. An kuma ce mu jira damina ta kankama kafin mu dasa.

Ina mamakin yadda wannan hali ya zama abin mamaki a ƙasar nan. Mu da muke bakin iyaka, muna ganin yashi yana rufe gonaki, muna ganin buhunan gawayi ana lodi, icen girki kullum sai tsada yake yi, ai mu ya kamata a fi ba yaranmu wannan ilimi. Amma a wurare da yawa ma'aikaci yana ganin talaka da takarda sai ya ɗaure fuska, yaro kuwa ba a ganin darajarsa sai ranar da ake neman cika hoto. Ana ƙirga abin da aka dasa, ba a komawa a ƙirga abin da ya rayu. Makarantu nawa ne a masarautar nan, daga Baure zuwa Zango, Sandamu da Mai'aduwa, da yara ke tsayuwar taron safe a cikin rana babu inuwa ko ɗaya?

Ranka ya daɗe shugaban wannan sashe, muna roƙo a yaba wa wannan dattijo da abokan aikinsa. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabatanku.

Naku,
Jagoran ƙungiyar matasan unguwa, Daura