Sanarwa kan kwanan tanti a Tarkwa Bay

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu niyyar kwana a Tarkwa Bay, bakin teku a Legas, ranar Asabar, ga abin da ya kamata mu shirya. Mota ba ta zuwa wurin, sai jirgin ruwa daga tashar jiragen ruwa ta CMS, don haka masu tasowa daga Agege da Idi-Araba ku yi sammako. Kowa ya saka rigar ceto kafin jirgi ya tashi, ko da ya iya iyo.

Abin da ya fi damuna shi ne inda za a kafa tanti. Ruwan teku yana cikowa sau 2 a kwana ɗaya, inda ka gani a bushe da la'asar yana iya zama cikin ruwa da tsakar dare. Ku duba layin ciyayi da tarkacen da ruwa ya bari a kan yashi, ku kafa nesa da shi ta sama. Ƙananan turakun da ke zuwa da tanti ba sa riƙe yashi. Ku cika buhu da yashi, ku ɗaure igiya a jikinsa, ku binne.

Sauro da yawa bayan magariba, a taho da gidan sauro da man shafawa. Ruwan sha da na alwala kowa ya ɗauko isasshe, haka tocila da fawa banki. Waya kuma a sa ta cikin leda, iskar gishiri tana lalata ta.

Iyaye mata, don Allah kada yaro ya shiga ruwa babu babba kusa. Sharar da muka tara mu dawo da ita. Mai zuwa ya rubuta sunansa nan kafin Alhamis.