Sanarwa kan tattaunawar wannan mako: Mirwaiz Umar Farooq

Assalamu alaikum, ƴan uwa membobin wannan rukuni. Tattaunawarmu ta daren Asabar bayan sallar isha'i za ta kasance kan rayuwar Mirwaiz Umar Farooq, babban limamin masallacin Juma'a na Srinagar a Kashmir, yankin da Indiya da Pakistan ke jayayya a kansa tun 1947.

An haife shi a 1973, kuma yana da shekara 17 kacal lokacin da ƴan bindiga suka kashe mahaifinsa, Mirwaiz Muhammad Farooq, a gidansa ranar 21 ga Mayun 1990, sai ya gaji muƙamin Mirwaiz, wato babban limami. A 1993 ya zama shugaban farko na ƙawancen Hurriyat, gamayyar ƙungiyoyin da ke neman ƴancin Kashmir daga Indiya. Da Indiya ta soke sashe na 370 na tsarin mulkinta, wanda ya bai wa Kashmir ƙwarya-ƙwaryar ƴancin cin gashin kai, a Agustan 2019, an tsare shi a gida, bai sake hawa mumbari ba sai Satumban 2023, inda ya zubar da hawaye a gaban jama'a.

A ganina, abin da ya fi cancantar nazari shi ne yadda ya dage kan sulhu ta hanyar tattaunawa. Muna roƙon kowa ya taƙaita bayaninsa, kuma a guji tura hotunan gawarwaki.