Ba kullum ne laifin sabis ba: gyaran layin masu kira a gidajen rediyonmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyon Kaduna. Da murya ta fara amsa-kuwwa ko ƙugi sai ka ji mai gabatarwa ya ce "sabis ne", ya katse bawan Allah. Sau da yawa matsalar tana cikin situdiyo, a yadda aka haɗa wayoyi.

Tsohon layin tarho, irin wanda NITEL ta shimfiɗa, igiya biyu ce kawai, kuma muryar mai kira da ta mai amsawa a kanta suke tafiya tare. Shi ya sa aka ƙirƙiro na'urar da injiniyoyi ke kira haibirid, aikinta ta raba muryoyin biyu. Ta farko ta taransifoma ce, ba ta rabawa sosai, muryar mai gabatarwa takan zubo ta dawo kamar daga cikin tulu. A tsakiyar shekarun 1980 wani injiniyan rediyo a Amurka, Steve Church, ya fito da Telos 10, haibirid mai lissafin dijital da ke auna kowane layi ta daidaita kanta. Daga baya layin tarho na dijital mai suna ISDN ya zo, sannan kira ta intanet. Mu kuwa, tun zuwan GSM a 2001, layin ƙasa ya yi ta mutuwa, har ƙananan tashoshi suka koma kara salula a bakin makirufo. Nan ne gizo ke saƙar.

Dokar ɗaya ce tun zamanin haibirid: mai kira ya ji komai na shirin ban da muryarsa. A ce wayar tana shiga mikisa, wato na'urar haɗa sautukan situdiyo, ta layi na 6. Sai a ɗauki mafitar AUX 1, wato ƙarin mafitar sauti da ke jikin mikisa, a mayar da ita ga wayar. A buɗe AUX 1 a layin mai gabatarwa, da na baƙi, da na kiɗa, amma a layi na 6 a murɗa shi zuwa sifili. Wanda ya manta wannan ɗan maɓallin, muryar mai kira za ta koma masa a makare, ya riƙa in-ina yana jiran kansa ya gama magana. A kuma saita AUX ɗin ya bi bayan maɓallin ƙarar kowane layi, in ba haka ba mai jira a waya zai ji hirar da ake yi a situdiyo lokacin talla.

Sai ƙarfin sauti. Abin da mikisa ke fitarwa ya fi ƙarfin mashigar makirufon salula nesa ba kusa ba, dole a sa ɗan maragi mai sauke ƙarfin sautin da wajen desibel 40, a kuma yi amfani da filogi mai gaɓa huɗu. Ƙugin nan mai kauri na 50 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) yawanci daga caja yake: a cire ta yayin shiri, ko a sa ƙaramar taransifomar sauti ta 1:1 mai raba lantarkin waya da na mikisa. Shi kuwa "dit-dit-dit" ɗin da ake ji, bugun GSM ne na 217 Hz, a nisanta wayar da igiyoyin makirufo ko da mita biyu. Siririyar murya kam ba ta da magani a mikisa, domin kiran tarho na yau da kullum daga 300 zuwa 3,400 Hz kawai yake ɗauka. Kira ta intanet ya fi faɗi idan data na da ƙarfi.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin jinkirta kira kafin ya hau iska. A garin da kalma ɗaya kan iya tayar da ƙura, bai kamata kira ya hau iska kai-tsaye ba. A da, da rikoda biyu da faifan tef ake samar da jinkirin daƙiƙa 7, yau kwamfuta ke yi, da maɓallin zubar da maganar banza kafin ta fita. Sai dai a ɗauki abin da ake aika wa mai kira kafin jinkirin, kuma a ajiye mutum guda da zai fara amsa kowace waya a bayan fage, ya tambayi suna da unguwa, ya sa a kashe rediyon gida gaba ɗaya, ba ragewa ba.

Naku,
Wani injiniyan sauti,
Tudun Wada, Kaduna.