Wasiƙa Kan Furotin na Mahaifa da Ɓarin Ciki

Abokina na ƙwarai,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Allah Ya ba uwargida lafiya, Ya musanya muku da mafi alheri. Ka tambaye ni abin da ke sa ciki ya yi ta zubewa alhali gwaji bai nuna komai ba.

Kusan kashi 15 cikin 100 na cikin da aka tabbatar da shigarsa yakan zube, kuma wajen rabin ɓarin watannin farko matsalar kuromosom (zaren da ke ɗauke da halayen gado) ɗin tayin ce ke jawo shi. A sauran kuwa, da dama sai an dubi shimfiɗar mahaifa kanta.

Bayan ƙwai ya fito, sinadarin furojestaron yakan sauya ƙwayoyin shimfiɗar su kumbura, su fara fitar da furotin irin su furolaktin da IGFBP-1. Wannan shirin yana faruwa kowane wata, ko da ciki ko babu. Mahaifa kuma ba kullum take karɓar tayi ba, sai daga kamar kwana 6 zuwa 10 bayan fitar ƙwai. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1999 ya nuna tayin da ya manne zuwa kwana na 9, kashi 13 ne ya zube da wuri. Wanda ya wuce kwana na 11 kuwa, kashi 82. Dubi ratar da ƴan kwanaki suka kawo!

Furotin ɗin mahaifa da ya fi ɗaukar hankalina shi ne SGK1. A 2011 Farfesa Jan Brosens da abokan aikinsa a Landan suka gano yana da yawa a mahaifar matan da ba sa ɗaukar ciki, amma ya yi ƙaranci a ta masu yawan ɓari. Dole ya sauka kafin tayi ya manne, sannan ya ƙaru a can cikin shimfiɗar domin ya kare ƙwayoyinta daga lalacewa. Idan bai ƙaru ba, cikin zai shiga, amma mazauninsa ba shi da ƙwari, sai jini ya ɓalle. Ana zaton irin wannan raunin shimfiɗar ne ya sa wata mace take saurin ɗaukar ciki kuma take saurin rasa shi: mahaifarta kamar mai gadin da ba ya tantance baƙo ce, tana karɓar har tayin da ba zai rayu ba.

Akwai kuma furotin ɗin aneksin A5, wanda ke lulluɓe fuskar mabiyiya ya hana jini daskarewa a kanta. Mai cutar antifosfolifid, garkuwar jikinta ce ke yaye wannan lulluɓin. Ana gano ta da gwajin jini sau biyu, da tazarar aƙalla mako 12, don sau ɗaya yana iya yaudara. Maganinta asfirin ƙarami, miligiram 75 zuwa 100 kullum, haɗe da allurar hefarin mai hana jini daskarewa idan ciki ya tabbata.

Ba da furojestaron a matsayin magani fa? Binciken da ake kira PROMISE na 2015 a Turai bai ga amfaninsa ga masu yawan ɓarin da ba a san dalilinsa ba. Na PRISM a 2019 ya ga ɗan amfani ga wadda take ganin jini kuma ta taɓa ɓari: miligiram 400 ta gaba, sau biyu a rana, har mako na 16.

SGK1 har yanzu yana ɗakin bincike, babu maganinsa a asibiti, don haka kada kowa ya karɓi kuɗinku da sunan gyara shi. Ku nemi likitan mata ya yi gwajin antifosfolifid, da na sukari da maƙoƙo, da hoton siffar mahaifa. Kada ta fara asfirin ko allurar da kanta.

A gaishe mini da ita da yara.

Naka har kullum,
Abokinka