Zuwa ga Maman Nafisa, daga Tarabulus

Assalamu alaikum Maman Nafisa, ina gajiya, ya yara, ya jikin Inna. Ni nan lahiya lau nike alhamdulillahi, aikin gini muna ta yi, sanyi ne kawai ya ɗan taɓa mu shi ma ba wani abu ba ne, kuma kar ki biye ma masu cewa ana kame, kamen bai zo ta wajenmu ba.

Na ba Alhajin da muke ba dinari kuɗi, zai sa miki jikka 70 ta Nita. Ki tahi da katinki ki amso da kanki. Da kanki na ce, kar ki aiki Babana. Jikka 30 hatsi da masara, 10 na Inna da maganinta, 10 wuta da ruwa, 5 kuɗin malamin da ke mishi ƙarin karatu kuma hannun malamin za ki kai ba hannun yaron ba, saura cefane da zubin adashenki.

To wani yaro ɗan Mokoyo ya iso nan kwanan baya, muna cin abinci gaban mutane ya ce min ai ɗanka ya girma, kullum bayan isha'i ina ganinshi bisa motonka can unguwar Zariya ƙofar wani gida shina taɗi. Kowa ya yi dariya ni ma na yi, amma lomar ba ta ƙara wucewa ba. Maman Nafisa kin sani kinka ɓoye min, ko ke ma ba ki sani ba? Moton nan na bar shi ne a ba amintacce ya yi kabu-kabu ya riƙa kawo miki na cefane, ban bar shi don zuwa zance ba. Man da shike sha wa ke biya? Toshi da kiredin waya daga ina?

Ki gane ni, ban ce yaro ya yi abin kashewa ba. Shekara 17 gare shi, ɗan da Allah ya yi ma tsawo da kyau haka, in bai ga ɗiya ya ji wani abu ba ai da mun fara neman magani. Har cikin raina na ɗan ji daɗi, kar ki faɗa mishi. Abin da ke hana ni kwana shi ne ba mai zama da shi. Zamaninmu taɗi a zaure ake yi, ƙanen yarinya na zaune kusa ya ƙi tashi, uwa na tari daga cikin gida in an daɗe. Yanzu zauren cikin waya yake, WhatsApp har tsakar dare, wa zai yi musu tari? Duk abin da ya sani kan mata a fada ya ji shi wajen shan shayi, bakin yara irinshi da ba su san komi ba sai cika baki, wasunsu ma da tramol a aljihu.

Na san ɗan fari ne, ko sunanshi ba ki kamawa, ban ce ki zubar da kunyarki ba. Ki kira Kawu Sani ranar Juma'a bayan an taso masallaci, shi yaron na sakin jiki da shi. Kar ki kai maganar wajen Yaya Idi, dorina zai ɗauko, kuma yaron da anka daka kan budurwa ba bari yake ba, ɓoyewa yake koya. Kawu ya ja shi waje ko hanyar Madarunfa su tahi su biyu, ya tambaye shi a hankali ɗiyar wa ce, iyayenta sun san da zuwanshi, mi yake nufi da ita. Ya bari yaron ya yi magana tukun, Kawu ma na san shi da wa'azi ba numfashi.

Limaminmu nan ya kawo hadisin saurayin da ya zo ya ce Annabi (SAW) ya yi mishi izinin zina, sahabbai sunka taso mishi, Annabi ya ce ya matso kusa, ya tambaye shi ko zai so a yi ma uwarshi, ko ɗiyarshi, ko ƴar'uwarshi, kuma ya ɗora mishi hannu ya yi mishi addu'a. Kawu ya tambaye shi haka nan, in wani ya tsaya da Nafisa cikin duhu bisa moto ya zai ji. Kuma ya faɗa mishi ƙiri-ƙiri ba kwana-kwana, in ciki ya shiga ɗiyar mutane ce za ta bar lakol ta shiga bakin duniya, shi kuma kwamisariya, ni kuma da wane ido zan dubi ubanta. In da gaske yake sonta ba a hana shi ba, ya ci jarrabawar BEPC watan Yuni, ya kama sana'a ko ya ci gaba da karatu, ni da kaina zan tura manya in lokaci ya yi. Taɗi ya je da rana tsaka ko bayan la'asar, ya gaida iyayenta, magariba ta same shi gida.

Ke ma ki ɗan ce wani abu ko da kina tuƙa tuwo ne ba ki dube shi ba, maganar uwa daban ce. Ni in na kira shi sai lahiya lau Baba, lahiya lau Baba, ya miƙa ma ƙannenshi waya. Na baro shi bai kai kafaɗata ba, yanzu muryarshi ma sai na yi kokwanto. Wannan magana tawa ce, ga ni nan ina ɗaukar siminti ina aiken wani ya yi min ita. To da na zauna Maradi mi za ku ci?

Makullin moto ki amshe yau ɗin nan ki ba Kawu ya nemo mai kabu-kabu. Wayar kar ki ƙwace, amma daga ƙarfe goma ta kwana ɗakinki. Jikka 5 ɗin nan hannun malami, na sake faɗa. In kin amso kuɗin ki turo min murya, kuma ki ce ma Inna bargonta na nan na saya, ina neman mai tahowa ta Agadas.

Mijinki, Baban Nafisa