Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Alƙahira

Ƙofar Soro, Katsina.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, wasiƙarka ta iso, kuma na daɗe ina juya maganar da ka yi cewa tun da ka nutsa cikin karatun kimiyya zuciyarka ta daina karɓar abin da ba a kawo masa hujja ba, har kana tsoron kada imaninka ya raunana.

Ka tuna husufin ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, lokacin da gari ya yi duhu da hantsi muna tsaye a ƙofar gidanku, kaji suka nufi akurki, tsofaffi suna ta salati? Tun kafin ranar an sanar a rediyo, domin masana taurari sun lissafa sa'ar da wata zai gifta tsakaninmu da rana, kuma lissafin bai kuskure ba. Amma ni da kai ba mu yi lissafin nan ba, yarda muka yi da waɗanda suka yi shi, kamar yadda ɗalibin hadisi yake yarda da isnadi bayan an tantance amanar maruwaita. Kai ma a ɗakin gwaji yawancin abin da ka sani a hannun amintattu ka karɓa.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne hadisin da Buhari ya ruwaito. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Da ya yi shiru, da maganar ta ƙara masa girma a idon jama'a, amma cikin wannan baƙin ciki ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, sannan ya umarce su da salla. Wanda ya ƙi hujjar ƙarya alhali tana goyon bayansa, ba zai zarge ka don ka nemi ta gaskiya ba. Annabi Ibrahim ma ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu, yana kuwa mai imani.

A garin da kake Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan lissafin hatimi, ya rasu a 1741. Ina roƙonka ka bincika mini rubuce-rubucensa a ɗakunan karatu na can, ka kuma rubuto mini tambayoyin da suka fi damun ka ɗaya bayan ɗaya, mu duba su tare.

Inna tana gaishe ka ƙwarai. Wassalam.

Naka amini.