Aminu, Kafin Ka Buɗe Shagon Nan Ka Saurare Ni

Assalamu alaikum mutumina, ya Fatakwal, ya iyali, ya ruwan saman nan naku da ba ya ɗaukewa? Mu nan Bauchi lafiya lau sai dai zafi. Hajiya na gaishe ka, duk ranar da na leƙa gida sai ta tambaye ni wai yaushe za ka zo.

Na saurari saƙon muryar da ka turo cewa ka kama shago za ka sa kayan masarufi da POS a gefe, wallahi na yi murna sosai, Allah ya sanya albarka. Amma akwai wata magana da ka yi a ciki da ta tsaya min a rai, inda ka ce ai 'yan damfarar intanet bankuna da manyan kamfanoni suke bi, wa zai ɓata lokacinsa kan mai jarin da bai taka kara ya karya ba. Aminu ni ma haka nake cewa har azumin bara, kuma ban taɓa ba ka labarin abin da ya same ni ba.

Wata Talata ce bayan la'asar, shagona na Wunti ya cika kowa na saurin sayayyar buɗa baki, ina cikin auna wa wata mata sukari sai waya ta yi ƙara. Mutum ne da Hausa tsaf, ya kira sunana har da na mahaifina, ya ce daga ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa yake, za a yi taro ta waya da daddare kan maganar tallafi kuma an turo min wasu lambobi 6 ta tes, in karanto masa a sa ni cikin jerin masu halarta. Hannu ɗaya da mudu ɗaya da waya, na karanto masa. Shi ke nan fa. Ashe lambobin shiga WhatsApp ɗina ne, kafin a kira magariba ya koma hannunsa, ya bi kwastomomina da 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya da hotona da sunana yana cewa na shiga wani uzuri a taimaka da 30,000 zuwa gobe da safe, mutum uku suka tura, ciki har da wani dattijo da muka shekara goma muna ciniki. Mun kai ƙorafi banki washegari amma an riga an kwashe kuɗin. Na biya su daga aljihuna, sai dai abin da ya fi ci min rai shi ne yadda dattijon nan yanzu ko ni na tura masa saƙo sai ya kira ya ji muryata tukuna.

Ka lura, mutumin nan bai fasa komai ba, ba wani gwanin kwamfuta ba ne kamar yadda muke zato. Sunana da lambata suna rubuce ɓaro-ɓaro a allon shago da kuma guruf ɗin kasuwa, sauran kuma da baki ya karɓa. Mu ƙananan nan mu suka fi so ma, don banki na da ma'aikata da aikinsu ke nan dare da rana, kai kuwa kai ne mai shago, kai ne akanta, kai ne mai gadi. Kuma maganin bai wuce minti biyu ba, cikin saitin WhatsApp akwai inda ake sa tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lambar sirri 6 taka ta kanka, ko an karɓi ta tes ɗin ba za a shiga ba sai da ita.

Sai maganar alat. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da aka sauya fasalin naira kowa ya koma tiransifa, har mai tumatir da albasa a Muda Lawal. Mutane sun ɗauka in tes ya shigo ko an nuna musu rasit a fuskar waya to kuɗi ya shiga, alhali duka biyun ana ƙirƙirarsu. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin ya hau da idonka kafin kaya su bar kanta, komai kwalliyar mutum, komai saurin da ya ce yana yi. Wanda ke matsa maka da sauri ma shi ne abin lura.

Wanda ya fi ba ni tsoro kuma shi ne layin waya. Za ka ga mutum ya kulle wayarsa da zanen yatsa yana ganin ya gama, to ɓarawo ba ruwansa da wayar, sim ɗin zai zare ya sa a 'yar ƙaramar rakani-kashi, ya latsa *565*0# BVN ɗinka ya fito, duk lambar da banki zai turo kuma hannunsa za ta faɗa. Ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, ka adana katin da ya zo da shi saboda PUK, wato lambar da ake buɗe sim da ita in ya kulle, sannan ka tambayi bankinka lambar da ake latsawa daga kowace waya a rufe asusu, ka rubuta a takarda ka ba maiɗakinka ta ajiye. Kuma don Allah kar lambar sirrin katinka na ATM ta zama shekarar haihuwarka ko 1234. In ka ɗauki yaron shago ya san lambar POS, ranar da ya bar aiki a ranar za ka canza, wannan ba zargi ba ne, ko shi ma kariya ce gare shi. Banki kuma ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirrinsa, duk wanda ya tambaya ka kashe wayar kawai.

Ka ce za ka sayi tsohuwar kwamfuta don lissafi, toh ka duba kar ta zo da Windows 7, tun Janairun 2020 Microsoft ta daina yi mata gyaran tsaro. Cutar kwamfutar nan WannaCry ta 2017 da ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila ta bi ƙasashe sama da 150, kuma ba ta tambayar girman mai kwamfuta, duk wadda ba a sabunta ba ita take kamawa. Littafin bashi ma kar ka bar shi a waya kaɗai, ka riƙa kwafewa a takarda duk Juma'a.

Ka yi na WhatsApp da na sim ɗin nan yau da daddare, in ka rikice ka kira ni bayan isha'i mu bi tare. Ka gaida Maman Khalifa da yara, in za ka zo da sallah ka sanar da ni da wuri a tanadar maka masa.

Naka har kullum,
Sani